Kafin Ka Zauna a Kujerar Nan, Babana

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka daga nan Tanut gaisuwar uwa, wadda ba ta tsufa. Ina fatan takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Zuwaira da jikokina. Allah ya tsare mini ku, ya tsare hanyar da za ka bi, ya kai ka lafiya ya maido ka lafiya. Mutane suna ce maka Dokta, ni kuwa sunan mahaifina ka ci, don haka Babana ka tashi a bakina, Babana kuma za ka zauna.

Ba zan cika ka da labarin gida ba, kana jin sa ta waya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Ranar da ka zo mana barka da salla, kuna zaune a zaure kai da kawunka, ni ina daga ciki ina dama muku fura. Na ji kana gaya masa an naɗa ka shugaban sashenku a jami'a, kuma an ce duk sababbin shugabanni sai sun je horo Yamai kafin su kama aiki. Na ji ka yi dariya ka ce bayan duk shekarun da ka yi kana karatu da karantarwa, wa zai zaunar da kai kan benci ya koya maka riƙon mutane. Ka ce kana tunanin neman uzuri. Ka kuma ce malamin da ya koyar da kai tun shekararka ta fari yana cikin sashen, yanzu zai koma ƙarƙashinka, kuma tun da aka yi naɗin gaisuwarsa ta ragu. Na ajiye ludayi. Ban so in yi maka magana gaban kawunka ba, washegari kuma ka yi sammako. Shi ya sa na rubuto, don takarda ana iya ajiye ta a sake dubawa in fushi ya huce.

Dariyar nan taka na san ta, domin ni ma na yi irinta.

Lokacin da aka naɗa ni direktiris, wato shugabar lakwal, makarantar boko, a Belbeji, kana ɗan ƙarami, ƙanwarka Saade tana goye. Na riga na yi suna a Tanut wajen koyarwa, duk anspektan da ya zo duba ajina sai ya fito yana yabo. Da takardar naɗi ta zo, sai aka haɗo da kira zuwa formasiyo a Damagaram, inda ake horar da sababbin shugabannin lakwal. Na aika cewa ina da goyo ba zan iya tafiya ba. Goyon gaskiya ne, amma wasu sun je da nasu goyon. Abin da ke raina shi ne, wadda ta iya riƙe aji cike da yara, malamai 'yan kaɗan ba za su gagare ta ba. Ban san cewa na bar sana'ar da na iya na shiga wata wadda ban taɓa koya ba.

A lakwal ɗin na iske wani dattijon malami, Mushe Sani, wato Malam Sani a bakin 'yan lakwal. Ya girme ni nesa, furfura ta fara cin gemunsa, kuma kowa a garin ya ɗauka shi za a ba kujerar. Ya karɓe ni da ladabi, ya nuna mini azuzuwa da ɗakin ajiya. Wata rana da hantsi ina wucewa ta tagar ajinsa, na ga yana koya wa yara rabawa ta tsohuwar hanya wadda aka ce a daina. Ban jira a tashi ba. Na shiga, na tsaya gaban allo, na ce masa ba haka ake yi yanzu ba. Ya dube ni, ya miƙo mini abin da ke hannunsa.

"Madam, ga allin," ya ce.

Ya taka har ƙarshen aji ya zauna kan bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa gemunsa. Ni kuwa na ƙarasa darasin, na fita ina jin na yi aiki.

Daga ranar Mushe Sani bai taɓa makara ba, bai taɓa ƙin umarni ba, amma bai ƙara buɗe baki a taron malamai ba. Na ɗauka na sami biyayya. Abin da ban sani ba, shi ne mai zuwa kasuwa da bakin rijiya yana zama da iyayen yaran makiyaya. Yana jin Tamajak, yana jin Fillanci, zai sha shayi da mutum yini guda kafin ya ambaci lakwal. Ba wanda ya sa shi, ba wanda yake biyansa. Da damina ta wuce aka koma karatu, sai na ga benci bayan benci babu kowa. Na yi ta aika wa iyaye takardun kira, har da barazanar kai su gaban hukuma. Ko mutum ɗaya bai zo ba.

Mahaifinku, Allah ya ji ƙansa, aikin rigakafin dabbobi yake yi, ya san mutanen daji fiye da ni. Da na kai masa kuka, sai ya tambaye ni ko na taɓa kiran Mushe Sani na nemi shawararsa. Na ce ni ce shugaba, yaya zan je in roƙi na ƙasa da ni. Ya yi murmushi ya ce ko wada aka durƙusa wa ba gajiyawa ba ne, balle dattijon da ya kusa haifata. Na yi kwanaki ina jin haushin maganar, sannan wata Juma'a bayan la'asar na ɗaure sukari da ganyen shayi na tafi gidansa. Matarsa ta shimfiɗa mini tabarma. Na ba shi haƙuri, kuma ka san bakina bai saba da wannan ba. Ya ajiye ɗan kofin shayin da ke hannunsa, ya yi magana.

"Madam, ni ban ƙi gyara ba. Yaran nake tunani, da wane ido za su dube ni gobe in na ce musu sun yi kuskure? Kujerar nan na so ta, ba zan ɓoye miki ba. Amma da aka ba ki, abin da na zauna jira kawai shi ne ki tambaye ni wani abu, ko da hanyar rijiya ce."

Ya koma zagayensa, yara da dama suka dawo. Wasu kuwa sun riga sun yi arewa da dabbobi. Akwai wata yarinya mai kaifin kai, Fatimata, wadda take zama a bencin gaba tana cizon gefen mayafinta in tana lissafi. Ban sake ganinta ba. Har yau in na tuna ta sai in nemi gafarar Allah, domin ba talauci ya fitar da ita daga lakwal ba, girman kan direktiris ne.

Don haka Babana, kada ka jira malaminka ya zo ofishinka gaisuwa. Kai ka je ka same shi, a gidansa in da hali. Ka zauna ƙasa da shi kamar yadda kake zama a da. Ka tambaye shi abin da da gaske kake son sani, ba tambayar neman yardarsa ba, domin dattijo yana gane bambancin. Mai yiwuwa ya so kujerar, kuma wannan ba laifi ba ne. Ranar da za ka ga kuskure a aikinsa, ko a aikin wani, ka rufe ƙofa tukuna. Gyaran da aka yi wa mutum gaban ɗalibansa, ko da gaskiya ne, ba ya shiga kunne, zuciya yake sauka ya zauna.

Na biyun ya fi wannan yi mini nauyi, domin na yi shi ne ina ganin alheri nake yi.

An turo mana wata matashiyar malama, Bintu, 'yar Falanko. Ban taɓa ganin mai hannun koyarwa irin nata ba. Na ba ta ajin ƙarshe, masu jarrabawa, kuma a hannunta lakwal ɗinmu ta fara yin suna. Wata rana ta zo ta ce tana son shiga konkur, jarrabawar nan ta tafiya ƙaro karatu Yamai, don ta zama mai horar da malamai. Tana bukatar goyon bayana. Na ce mata ta bari sai baɗi, wa zai riƙe mini ajin jarrabawa? Ta ce to. Baɗi ta dawo, na sake ce mata ta ƙara haƙuri, yaran bana masu rauni ne. Ta sake cewa to. Ina gaya wa kaina don yara nake yi. Gaskiyar ita ce, na saba da jin sunan lakwal ɗina a bakin anspekta, kuma na san daga ina yabon yake fitowa. Kafin shekara ta uku ta yi aure, aka yi wa mijinta canjin wurin aiki, ta bi shi. Haihuwa ta zo, hidima ta yi yawa, maganar konkur ta mutu.

Bayan shekaru masu yawa muka haɗu a wani gidan suna a Damagaram. Ita ta fara gane ni, ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo mini ruwa da hannunta. Tana nan tana koyarwa, a aji irin wanda na bar ta. Na yi ƙarfin hali na ce mata na tauye ta. Ta yi dariya ta ce komai rabo ne, ba ta riƙe ni ba. Sai da za mu rabu ta ƙara magana ɗaya, a hankali, tana gyara mini mayafi.

"Da kin sake ni a lokacin, Madam, ai wurinku zan dawo."

Na shiga mota ina juya maganar har Tanut. Da na bar ta ta tafi, da lakwal ɗaya ta rasa malama na ɗan lokaci, amma da malaman yankinmu na Damargu da yawa sun sami mai koya musu. Na riƙe ƙwarya ɗaya na hana a haƙa rijiya.

A sashenka za ka sami matasan malamai irin Bintu, masu ɗauke maka nauyi ba tare da ƙorafi ba. Su ne za ka fi jin wuyar saki. In damar ƙaro karatu ta zo, ko taron masana, ko wani horo, ka fara tuna su kafin kanka, kuma kafin masu yawan zuwa ofishinka da daɗin baki. Mai cewa "to" da sauƙi shi ya fi bukatar ka tsaya masa, don shi ba zai tsaya wa kansa ba. Ka lura da matan cikinsu musamman. Sau da yawa damarsu ba ta daɗewa a buɗe, in ta wuce ba ta cika dawowa ba. Aikin zai yi maka nauyi shekarar da suka tafi, ka daure. Ba a auna shugaba da abin da ya tara a hannunsa, ana auna shi da mutanen da suka girma a inuwarsa.

Akwai kuma maganar makullai, wadda 'yan gidanmu suke yi mini dariya a kanta har yau. Duk makullan lakwal a bakin zanena suke, na ofis, na ɗakin littattafai, har na ɗakin abincin yaran da ke kwana a lakwal saboda iyayensu suna nesa. Ban yarda kowa ya auna gero ba sai ni. Rannan zazzaɓi mai zafi ya kayar da ni, aka ɗauke ni a mota zuwa asibiti a Tanut ban san inda kaina yake ba, makullai suna jikina. Masu dafa abinci suka zo suka iske ƙofa a rufe, kuma ba wanda ya yi ƙarfin halin fasa kwaɗon Madam. Matan gari ne suka tara tuwo da fura suka ciyar da yaran har aka aiko da makullan. Da na warke na ji kunya ƙwarai. Wurin da ba ya motsi sai kana nan, ba ka gina shi ba, ka dai tsaya ka tokare shi da kafaɗa. Ka raba aiki tun kana da lafiya. Wanda ka ba aiki zai yi shi ba yadda za ka yi ba, wani lokaci ma zai ɓata. Ka bar shi ya ɓata kaɗan ya gyara, kai ma haka ka koya.

Bayan duk wannan ne aka sake kiran formasiyo, kuma a wannan karon na tafi. Ba zan yi maka ƙarya ba, ba duk abin da aka faɗa ne ya amfane ni ba. Wasu darussan mutanen da ba su taɓa ganin aji na zana da kara ba ne suka tsara su. Mai horar da mu ma yaro ne, na girme shi. Ranar fari na zauna a baya na naɗe hannu. Sai ya raba mu biyu-biyu, ya ce ɗaya ya faɗi wata matsala da ke damunsa a wurin aiki, ɗayan ya saurara kawai, kada ya katse shi, kada ya ba shi shawara, sai ya gama sannan ya maimaita masa abin da ya ji. Na ce a raina wannan ai wasan yara ne. Aka haɗa ni da wata Madam Rabi, direktiris daga Ollelewa. Ba ta kai ƙarshen jimlarta ta biyu ba na fara gaya mata abin da ya kamata ta yi. Aka ce mu sake. Na sake katse ta. A karo na uku ta kama hannuna ta riƙe tana dariya, ta ce in ba zan iya rufe baki ba ita za ta taimaka mini. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Amma da na koma masauki na zauna ina tunanin malamaina. Shekara da shekaru suna shigowa ofishina, ban tuna wanda na bari ya kai ƙarshen maganarsa ba.

Wannan kaɗai ya isa kuɗin mota. Sai kuma abin da ba ya cikin tsarin horon, wato hirar lokacin cin abinci. A can na gane cewa duk abin da nake ɓoyewa ina ganin gazawata ce ni kaɗai, kowa a ɗakin yana fama da irinsa. Kujera tana raba mutum da abokan hira, Babana. Waɗanda kuke shan shayi tare jiya, gobe in ka shigo za su sauya magana. Za ka bukaci wani mai irin nauyinka wanda ba ya ƙarƙashinka kuma ba ya samanka. Ni Rabi na samu. Mun yi shekaru muna aika wa juna saƙo ta hannun direbobin kasuwa, daga baya ta waya, har muka yi ritaya. Ba abin da na yanke mai girma ban ji ta bakinta ba.

Sai dai ka ji yadda na ɓata rawata da tsalle. Na dawo Belbeji da zafina, na tara malamai na ce daga yau komai zai canja. Sabon tsarin taro, sabon tsarin duba aji, sabon komai, duk a mako guda. Ba a jima ba na ji sun sa mini suna Madam Formasiyo. Mushe Sani ne ya ja ni gefe ya ce in zaɓi abu guda in fara da shi, kuma ya zama wanda ni zan yi, ba wanda zan sa su yi ba. Na zaɓi yin shiru har mutum ya gama magana. Ya ɗauke ni lokaci mai tsawo, kuma ka sani har yau ban gama koya ba.

To ka je horon nan. Ka zauna a gaba, ka yi tambaya ko da za a ce Dokta bai sani ba, gemu ba ya hana ilimi. Abin da bai dace da wurinku ba ka bar musu a can. In ka dawo kada ka juye wa mutane komai lokaci guda. Kuma kada ka ɗauka zuwa ɗaya ya wadatar. Duk lokacin da ka ji a ranka ka gama iya shugabanci, ka tuna da ni a bakin tagar Mushe Sani, a ranar ma haka nake ji.

Saura magana ɗaya, ita kuma tsakanina da kai ce.

Ban sani ba ko kana tuna wannan. Shekarar da aka sa ka lakwal, a lakwal ɗina aka sa ka, kuma don kada a ce ina fifita ɗana na fi tsananta maka a kan kowa. Na kuma saba shigowa gida da muryar ofis, ina ba da umarni tun daga zaure. Wata Asabar da safe ina ɗaki ina ninke kaya, sai na ji motsi a bakin ƙofa. Na ɗaga kai na gan ka tsaye, ka naɗe hannuwa a ƙirji yadda 'yan lakwal suke yi, ƙafarka tana jini, ƙaya ta soke ka. Ba ka yi kuka ba, ba ka shigo ba.

"Madam, in shigo?" ka ce.

A lokacin dariya na yi, na ce shigo mana, na cire maka ƙayar. Sai da ka fita wasa abin ya sauko mini. Ɗana, a ɗakin uwarsa, da ciwo a ƙafa, yana neman izini. Na zauna kan kayan da nake ninkewa na yi kuka mai yawa. Mahaifinku ya shigo ya same ni haka, ya zauna kusa da ni har na gama. Na yi ƙoƙarin gyarawa bayan nan, amma na san ka tashi da ɗan nesa-nesa da ni wanda ƙannenka ba su da shi, kuma ni na jawo. In akwai sauran abin a ranka, ka yafe mini.

Jikokina suna gudu su rungume ka in ka dawo daga aiki, na gani da idona, har ƙaramar tana hawa wuyanka da takalminta. Ka kiyaye wannan fiye da yadda za ka kiyaye kujerar. Ita wa'adi gare ta, wata rana za a ba wani, a yi maka godiya a taro a tashi. In ka iso ƙofar gida ka ɗan tsaya, ka sauke muryar ofis a waje kafin ka yi sallama. In ka manta, na ba Zuwaira izini ta tuna maka, kuma ka bar ta ta kai ƙarshen maganarta.

Hannuna ya gaji, idona ma ya fara yaji. Allah ya sa wannan matsayi ya zame maka alheri duniya da lahira. Allah ya haɗa ka da mashawarta na gari, ya raba ka da masu yabon da ba gaskiya ba. Ya ba ka haƙurin ɗaukar mutane, ya hana ka tauye haƙƙin kowa, da saninka ko ba da saninka ba. Ya tsare ka a mota da masauki, ya tsare iyalinka a bayanka. Ya ji ƙan mahaifinku, wanda da yana raye da ya faɗa maka duk wannan a magana biyu.

In ka sauka Yamai ka kira ni. Ba nasiha zan ƙara maka ba, na gama. Muryarka kawai nake son ji, kuma duk abin da ka ce zan saurara har ka ƙare.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarka mai yi maka addu'a kullum,
Inna